BABBAN GWANI MALAM MIKA'ILU: MAGININ DA YA NAƊA WA BIRNIN ZAZZAU RAWANI

Kamar yadda muka saba a kowace fitowa ta wannan mujalla tamu, mukan keɓe wasu shafuka domin tunawa da ɗaya daga cikin mazan jiya waɗanda ƙasar Zazzau ke tinƙaho da su. Galibi alƙalaminmu ya fi karkata ga sarakuna da malamai da mayaƙa, kuma ba abin mamaki ba ne, domin su ne tarihi ya fi adana labarinsu. Amma a bana mun ga ya dace mu sauko daga kan karaga da buzu, mu leƙa wurin mutumin da laka da itacen giginya ne kayan aikinsa, wato Malam Mika'ilu, wanda duniya ta fi sani da Babban Gwani. Duk Bazazzagin da ya taɓa sallar Juma'a a tsohon masallacin ƙofar fada, ya ɗaga kai ya dubi bakunan nan da suka sarƙe da juna a samansa, to ya ga aikin hannun wannan bawan Allah. Da yawa daga cikin 'ya'yanmu da aka haifa a Kaduna da Legas da Abuja ba su taɓa jin sunansa ba, alhali kuwa da wuya mutum ya buɗe littafin tarihin gine-ginen Afirka ta Yamma bai ci karo da masallacinsa ba.

Da sunaye biyu ake kiransa. A Zariya an fi ambatonsa da Malam Mika'ilu, a ƙasar Bauci kuwa da wasu rubuce-rubucen masana an fi saninsa da Muhammadu Durugu. Amma laƙabin ya danne sunayen duka. A wurin Bahaushe, gwani shi ne wanda ya kai maƙura a fanninsa, shi ya sa ake kiran wanda ya haddace Alƙur'ani ya kuma ƙware a kansa da wannan suna. Haka abin yake a tsakanin magina: akwai mai kwaɓa, akwai mai miƙo tubali, akwai magini, sannan akwai gwani wanda shi kaɗai ake bari ya ɗaura baka a babban soro. Idan kuwa aka ce Babban Gwani ba tare da an ƙara komai ba, daga Sakkwato har Bauci an san mutum ɗaya ake nufi.

Ya yi rayuwarsa ne a zamanin da ƙasar Hausa ke sauya fata. Wajen shekarar 1808 Malam Musa ya shigo Zazzau da tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Sarki Muhammadu Makau ya fice zuwa kudu, inda zuriyar gidansa suka kafa garin Abuja, wanda a yau ake kira Suleja. Irin wannan sauyi ya auku a Kano da Katsina da Daura, sannan ga sababbin birane kamar Sakkwato da Bauci suna tasowa daga fili. Kowane sabon sarki yana bukatar masallacin Juma'a da zauren shari'a da gidan da zai karɓi baƙi, kowane bakin iyaka yana bukatar kafi da ganuwa. Ba a taɓa neman magina kamar wannan lokaci ba, kuma a irin wannan kasuwa ce gwani ke fita daban.

Maginin Zazzau a Sakkwato

Akwai wani labari da ya kamata kowane ɗan Zazzau ya sani. A shekarar 1824 Baturen nan ɗan Birtaniya, Kyaftin Hugh Clapperton, ya sauka a Sakkwato baƙon Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Wata rana aka kai shi ya ga wani masallaci da Waziri Giɗaɗo ke ginawa da dukiyarsa. Can ya tarar da shugaban maginan, wani ɗan ƙaramin mutum mai kaifin ido, ma'aikata na ta kai da kawo a ƙarƙashinsa. Da suka zanta, maginin ya shaida masa cewa shi mutumin Zazzau ne, kuma mahaifinsa ya taɓa zama a Masar inda ya tsinci wani abu na ilmin gini, da zai rasu ya bar masa takardunsa, daga cikinsu ne ya koyi abin da ya sani. Abin da ya roƙa wurin baƙon ba tufa ba ne, ba kuma kuɗi ba. Wani ma'auni ya nema, na katako mai ɗauke da zane-zanen lissafi, irin wanda matuƙan jiragen ruwa ke aiki da shi a wancan zamani. Clapperton ya rubuta cewa daga baya ya aika masa da shi.

Masana da dama da suka bi diddigin gine-ginen ƙasar Hausa suna ganin wannan magini shi ne Babban Gwani tun yana kan ganiyar ƙuruciyarsa, ko kuwa wani ne daga gidansu. Ko wanne aka ɗauka, labarin ya nuna abu biyu. Na farko, tun kafin a aza tubalin masallacinmu, sunan maginan Zazzau ya kai inda idan Wazirin Sakkwato zai yi gini, nan yake aikowa. Na biyu kuma, wanda ya fi muhimmanci a ganinmu, shi ne cewa gwanin gini na wancan lokaci mutum ne mai takardu, mai awo, mai neman ƙarin kayan lissafi duk inda ya ji labarinsu. Mu da muka yi boko mun taso da wani zato cewa ginin ƙasa aikin ƙarfi ne kawai, a kwaɓa a ɗora. Wanda ya nemi ma'aunin lissafi wurin Bature a 1824 ya riga ya ƙaryata wannan zato shekara ɗari biyu da suka wuce.

Masallacin Sarki Abdulkarimu

Aikin da ya tsayar da sunansa ya zo ne a zamanin Sarkin Zazzau Malam Abdulkarimu, sarki na uku bayan jihadi kuma tushen gidan Katsinawa, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Shi ne ya sa aka gina masallacin Juma'a a gefen dandalin fada, ya damƙa aikin a hannun Malam Mika'ilu. Ba ɗakin salla kaɗai aka gina ba. Haraba ce guda mai katanga, da zaurukan shiga inda ake alwala, da filin da jama'a ke cika idan ciki ya ƙoshi, da ɗakin shari'a a jikin masallacin. Daga waje ginin ba shi da wani ƙyale-ƙyale, ba shi kuma da doguwar hasumiya irin ta Gobarau ta Katsina. Wannan ya dace da ra'ayin shugabannin jihadi, waɗanda suka yi ta gargaɗi a kan alfahari da gine-gine. Sai mutum ya cire takalmi ya shiga sannan zai gane inda gwanin ya zuba basirarsa.

Domin mai karatu ya fahimci girman abin da aka yi, ya kamata mu ɗan tsaya a kan matsalar da kowane maginin ƙasa ke fuskanta. Laka tana da ƙarfin ɗaukar nauyi idan an danna ta, amma ba ta jure ja ko lanƙwasa. Itacen da ake dogara da shi kuwa shi ne azara, wadda ake faskarowa daga gangar namijin giginya, domin gara ba ta cin ta kuma ba ta saurin ruɓewa. Sai dai azara ɗaya ba ta iya ɗaukar rufin ƙasa idan tazarar ta wuce kamar ƙafa shida. To yaya za a rufe ɗakin da ɗaruruwan mutane za su yi sahu a cikinsa da itacen da iyakarsa ƙafa shida? Hanya mai sauƙi ita ce a cika ɗakin da ginshiƙai kusa da kusa, kamar yadda aka yi a masallatai da yawa, har liman ya ɓace wa mamu. Hanyar gwanaye kuwa ita ce baka.

Ga yadda ake ɗaura ta. Idan bango ko ginshiƙi ya kai wani tsayi, sai a kafa damin azara a jikinsa ta ɗan karkato ciki, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da laka, a bar shi ya bushe. Sannan a ɗora wani damin a kan na farko, ya ƙara leƙowa ya kuma ƙara kwantawa. Haka za a yi ta yi daga ɓangarorin biyu, hawa bayan hawa, har su haɗu a tsakiya a ɗaure su da azarar ƙarshe. Laka na ɗaukar dannawa, azara na ɗaukar ja, wato dai hikimar da injiniyoyi ke amfani da ita yau idan sun sa rodi a cikin kankare. Idan baka ta tashi daga wannan bango ta sauka a wancan, ita ce bakan gizo. Idan bakuna suka gitta juna suka raba rufin gida-gida, shi ne ɗaurin guga, kuma a kansa ake shimfiɗa gajerun azara da zana da ƙasa har tulluwa ta fito. Duk wannan ba a yin sa da katakon tallafi daga ƙasa. Magini na zaune a kan abin da ya gina jiya yana gina na yau, saboda haka kuskuren awo na ɗan yatsa a hawa na farko yakan zama kamu guda a wurin haɗuwa.

Ba Malam Mika'ilu ne ya ƙirƙiro baka ba, ya gaje ta ne. Abin da ya yi shi ne ya kai ta inda ba a taɓa kai ta ba. A masallacin Zariya bakuna suna tasowa daga jikin manyan ginshiƙai tun daga ƙasa-ƙasa, su buɗe kamar rassan itace, su haɗu da 'yan'uwansu su ɗauki tulluwa bayan tulluwa, ta yadda mai salla ba ya jin nauyin tarin ƙasar da ke bisa kansa. Adon da ya yi wa ginshiƙan ma abin lura ne: layuka masu zurfi a tsaye, da da'irori, da siffofi masu kusurwa uku, duk an fito da su a jikin laka tun tana ɗanya. Babu cunkoso, babu wasa. Wanda ya kwatanta wannan da zanen da aka riƙa yi a fuskar gidajen attajirai a ƙarni na 20, inda har keke da agogo da jirgin sama ake zanawa, zai ga bambancin mai wa'azi da mai roƙo. Kowanne da wurinsa, amma na masallacin ya fi nutsuwa.

Dattawan birni suna ba da labarin cewa da dare yake gini. Wai da rana ma'aikata masu yawa za su kwaɓa ƙasa su tara tubali da azara, idan gari ya yi tsit sai ya fito shi kaɗai, da safe a tarar gini ya tashi. Wasu suka ce don kada a saci sirrinsa ne, wasu suka ce ai ba shi kaɗai yake aikin ba, akwai waɗanda ba a gani. Mu dai abin da muka ɗauka a ciki shi ne, mutanen zamaninsa ma da suka saba da ginin ƙasa tun suna goye, sun ga abin da hankalinsu ya kasa ɗauka har sai da suka nemo masa bayani a wajen ɗan'adam.

Daga Kafin Madaki zuwa Birnin Gwari

Bayan masallacin Zariya sai sarakuna suka shiga neman sa. Ruwayoyin baka suna danganta masa wasu soraye a gidajen sarautar Kano da Bauci. Amma aikinsa da aka fi sani a wajen Zazzau yana wani ƙaramin gari ne, Kafin Madaki, hedikwatar ƙaramar hukumar Ganjuwa ta yanzu, a arewa da Bauci kan hanyar Ningi. A zamanin Sarkin Bauci Ibrahim ɗan Yakubu, lokacin da ake fama da hare-haren Ningawa, garin ya kasance mazaunin Madakin Bauci, kuma wajen shekarar 1860 Babban Gwani ya gina masa gida. Har yau mutanen garin ba su cika cewa gidan Madaki ba, Babban Gwani suke kiran ginin kansa, sunan magini ya koma sunan gida. A shekarar 1956, bayan dokar kare kayan tarihi ta 1953, wannan gida na cikin rukunin farko na wuraren da gwamnati ta ayyana a matsayin abin tarihi na ƙasa baki ɗaya. Abin lura ne ƙwarai a ce tun kafin samun mulkin kai, aikin hannun Bazazzagi ya shiga wannan jeri, kuma a ƙasar wasu.

Idan maginin da Clapperton ya gani a 1824 shi ne ya yi gini a Kafin Madaki wajen 1860, to ya kusa shekara arba'in yana kan bango, yana tafiyar kwanaki a ƙasa ko bisa doki daga wannan masarauta zuwa waccan, da almajiransa a bayansa. Ta haka salonsa ya bazu, domin duk inda ya yi aiki yakan bar waɗanda suka ga yadda ake yi.

Game da ƙarshensa, labarin da ya fi yaɗuwa shi ne cewa aikinsa na ƙarshe a Birnin Gwari ya yi shi, kuma da ya gama, sarkin garin ya dubi kyan ginin ya sa aka kashe shi don kada ya je ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi. Muna kawo wannan ne a matsayin abin da ake faɗa, ba don mu ɗora wa 'yan'uwanmu na Birnin Gwari laifin kakanni ba. Malamanmu masu karatun adabin Larabci za su tuna da Sinimmar, maginin da aka ce ya gina wa Sarkin Hira Nu'umanu fadar Hawarnaƙ, aka saka masa da jefowa daga ƙololuwarta saboda irin wannan dalili, har sakayyar tasa ta zama karin magana a wurin Larabawa. Al'ummomi da dama suna da irin wannan labari a kan babban magininsu, kuma a ƙarƙashinsa yabo ne: ana nufin aikin ya kai inda sarki zai yi kishin a maimaita shi. Allah ya jiƙan Malam Mika'ilu, ya sa aikin masallacin nan ya zama sadaka mai gudana a gare shi.

Abin da ya biyo baya

Bai tafi da sana'ar kabari ba. A cikin birni akwai unguwar da ke amsa sunansa, kuma masu binciken da suka zauna da maginan Zariya a shekarun 1960 da 1970 sun tarar sarautar Sarkin Magina tana hannun zuriyarsa. Su ne suka riƙa kula da masallacin da soraye na fada shekara da shekaru. Wannan kulawa kuwa ita ce ran ginin ƙasa. Zariya na samun ruwan sama da ya haura milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa a watannin Yuli da Agusta, saboda haka kowace shekara kafin damina sai an hau rufi an toshe tsaga, an gyara indararo, an sake yaɓe. Ana shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Rufi kuwa laso ake yi masa, haɗin katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da ruwan dafara. A dubi wannan haɗi da kyau: magini ya dogara da marini, ya dogara da majemi, ya dogara da manomin da ya bar ɗorawa da giginya a gonarsa. Ranar da karofi ya mutu, laso ma ya kama hanya.

Haka kuwa aka yi. Turawa sun ci Zariya a 1902, ba a jima ba jirgin ƙasa ya iso, Sabon Gari da Tudun Wada suka tashi a wajen ganuwa, ciniki da ofisoshi suka bi su. Siminti da kwano suka zama alamar arziki, ginin ƙasa ya zama alamar wanda bai samu ba. Wani abin ban takaici kuma shi ne, a daidai lokacin da mu masu abin muka fara juya masa baya ne baƙi suka fara rububinsa. Farfesa Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan wanda ya fara aiki a Nijeriya a ƙarshen shekarun 1950, ya auna masallacin ciki da waje ya zana shi, zanen ya fito a littafinsa mai juzu'i uku da aka buga a 1990 bayan rasuwarsa. Shi ne kuma ya jagoranci kafa gidan adana gine-ginen gargajiya na Jos, inda aka gina kwafin masallacin Zariya da ƙasa da azara. J. C. Moughtin ya ba masallacin babban matsayi a littafinsa kan gine-ginen Hausa na 1985, Friedrich Schwerdtfeger ya shafe shekaru yana nazarin gidajen birni da adon fuskokinsu, sannan Dokta Hamman Tukur Sa'ad ya rubuta kundin digirinsa na uku a 1981 kan magina Hausawa da yadda suke auna kyau a aikinsu.

A shekarun 1970, da jama'a ta yi wa masallacin yawa, sai aka yi masa babban gyara. Aka rushe wasu sassan tsohuwar harabar, aka ta da sabon ginin siminti wanda ya lulluɓe tsohon ɗakin salla a cikinsa. Waɗanda suka yi wannan da kyakkyawar niyya suka yi, kuma ya kamata a yaba musu da ba su share ɗakin gaba ɗaya ba a zamanin da rushe tsoho ake ɗauka ci gaba. Amma daga ranar, wanda ke son ganin siffar masallacin Babban Gwani daga waje kamar yadda mai shi ya bar shi, sai ya tafi Jos ko ya buɗe littafin Bature.

Sai kuma ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, ana cikin sallar La'asar, wani ɓangare na tsohon ginin ya rufto a kan masallata. Rahotannin farko sun ce mutum bakwai ne suka rasu, daga baya adadin ya ƙaru, wasu da dama suka jikkata. Mai Martaba Sarkin Zazzau Malam Ahmed Nuhu Bamalli ya bayyana cewa an lura da tsaga a bangon kwana ɗaya kafin nan, ana shirin kawo injiniyoyi ke nan abin ya faru. Allah ya gafarta wa waɗanda suka rasu, ya karɓi shahadarsu, ya ba iyalansu haƙuri. Mun ji wasu na cewa ai ga irinta nan, ginin ƙasa ba abin dogaro ba ne. Mu ba mu ga haka ba. Ginin da ya ɗauki damina kusan 190 ba za a kira shi mai rauni ba. Nawa ne daga cikin benayen kankare da aka gina a idonmu suka kai arba'in lafiya?

Inda abin ya shafe mu

Masallacin fada yana da masarauta da gwamnati da manyan attajirai a bayansa. Damuwarmu a nan ita ce sauran, wato zauruka da soraye na gidajen gado da ke Kwarbai da Juma da Iya da Kaura da Limancin Kona, waɗanda almajiran almajiran Babban Gwani suka ɗaura wa baka, kuma ba su cikin jerin kowace hukuma. Mu ne magadansu, mu ne kuma muke nesa. Abin da yakan faru sananne ne. Mai gida ya rasu, magada ashirin suna garuruwa goma, kowa na jiran wani ya fara. Ko kuwa ɗa ya samu buɗi a Abuja, ya aiko da kuɗi a rushe zauren kakansa a jera shaguna na bulo, yana ganin ya yi wa gida gata. Wanda ya fi tausayi kuma yakan ce a shafe bangon da siminti, bai san ya yi masa illa ba: siminti ba ya tafiya tare da laka, yakan tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, bango ya riƙa narkewa a ɓoye alhali fuskarsa na sheƙi. A ƙara da magudanun da leda ta toshe, ruwa na kwana a gindin katanga. Ganuwar da ta kewaye birni kusan mil goma ma haka ta ƙare a wurare da yawa, wasu sun ɗebi ƙasarta, wasu sun yi gini a kanta.

Ba muna cewa kowa ya koma kwana a soron ƙasa ba ne, ko a hana mutanen birni shago da za su ci abinci. Cikin birni ba gidan kallo ba ne, mutane ke zaune a ciki, kuma idan ba a samun abin yi a tsakanin Babban Dodo da ƙofar fada da kasuwa, matasa za su ci gaba da ficewa, gidaje su ci gaba da zama kango. Abin da muke cewa shi ne ana iya haɗa biyun. Zaure mai ɗaurin guga yana iya zama makarantar dare, ko ɗakin karatu na unguwa, ko wurin da masu ɗinkin hula da babbar riga za su baje aikinsu ga baƙin da ke cika gari lokacin hawan salla, a gina shagunan a gefe. 'Yan'uwanmu na Nijar sun nuna ana iyawa. A 1986 masallacin ƙasa na ƙauyen Yama a jihar Tawa ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine, tsohon garin Agadas ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2013, a garin Dandaji kuma da aka tashi gina sabon masallaci ba a rushe tsohon ba, gyara shi aka yi aka mai da shi ɗakin karatu.

Muna da abin da su ba su da shi. Sashen koyar da zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello yana Samaru, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga ƙofar fada, kuma da yawa daga cikin membobin wannan ƙungiya can suka yi karatu. Ba zai gagare mu ba mu ɗauki nauyin ɗalibai su bi unguwa-unguwa su auna su zana duk zauren da ke da baka, su ɗauki hotonsa, su rubuta sunan gidan da halin da yake ciki, kamar yadda Dmochowski ya yi wa masallaci. Ba zai gagare mu ba mu nemo dattawan maginan da suka rage, mu biya su su koya wa matasa ɗaurin baka da haɗa laso a kan gini na gaske, domin wannan ilmi a hannu yake, ba a takarda ba. Sannan kowane reshe na iya ɗaukar zaure ɗaya a unguwar da 'ya'yansa suka fi yawa, da yardar masu gidan, ya riƙa biyan kuɗin yaɓensa duk shekara. Kuɗin bai kai abin da muke kashewa a liyafar taron shekara ba. Sai dai a tuna cewa aikin yana da lokacinsa: ana kwaɓa ƙasa a bar ta ta kwana biyu tana tsima, ana jiƙa makuba, ana hawa rufi tun rana na da ƙarfi. Reshen da ya yi niyya, kuɗinsa ya isa gida kafin ƙarshen watan Maris, domin a Zariya ruwan farko ba ya wuce Afrilu zuwa Mayu.